Jita Ta Uku a Shagon Martins

Da a ce wani ya tare Baba Azariya a bakin ƙofa da safiyar Alhamis ɗin nan, ya ce masa, "Koma ciki, kada ka je kasuwa yau," da abin da ya fi tsoro a duniya bai same shi ta hannunsa ba. Amma babu wanda ya tare shi. Shi kansa ya ji ƙirjinsa ya yi nauyi tun da ya tashi, sai ya ɗauka ko sanyin damina ne.

Azariya manomin citta ne, dattijon ikilisiya kuma, yana zaune a Takau cikin Kafanchan da matarsa Yemima. 'Ya'ya biyu Allah ya ba su. Babban, Silvanus, ya fita wata safiya a kan hanyar Kachia da kayan citta, gawarsa aka dawo musu da ita. Tun daga ranar, Azariya ba ya iya zama idan wani nasa yana kan hanya. Saura Milka kaɗai, malamar firamare, mace cikakkiya mai hankalin kanta.

Ita kuwa Milka duk samarin garin babu wanda ta gani sai Yafet, makaɗin jita, wanda rayuwarsa gaba ɗaya a kan hanya take. Yau yana bikin aure a Kwoi, gobe taron bishara a Samaru Kataf, jibi jana'iza a wani ƙauye da ko mota ba ta shiga. Koyon jita ne ya haɗa su. Ranar da Yafet ya zo gaisuwa, da baƙar jaka rataye a bayansa, Azariya ko kujera bai ba shi ba.

Ga Bartholomew kuma, ma'aikacin ƙaramar hukuma, mai albashi, wanda kullum a gidansa yake kwana. Iyayensa sun sa ranar Asabar za su zo neman izinin auren Milka.

Da safen nan Milka ta durƙusa gaban mahaifinta da jakar makaranta a hannu.

"Baba, ka aika musu su dakata. Don Allah."

"Su dakata har yaushe?"

"Har zuciyata ta yarda. Ba na ƙin Bartholomew, mutumin kirki ne. Amma in na zauna kusa da shi ji nake kamar ina layin asibiti."

"Layin asibiti ya fi layin makabarta," in ji Azariya. "Na binne ɗaya, Milka. Kina so wata rana a bugo miki waya a ce ki zo ki duba ko mijinki ne? Kin ga fuskar uwarki ranar. Kina so taki ta zama haka?"

Hawaye suka zubo mata.

"Yaya Silvanus ba jita ya ɗauka ba, Baba. Citta ya ɗauka. Kuma har yau kana noma ta."

Maganar ta soke shi. Ya kau da kai, ya ce ta tashi kada ta makara. Ta share fuska da bakin gyale, ta fita ba ta ko sha kunu ba.

Yemima ta fito daga kicin tana goge hannu.

"Baban Milka, yarinyar nan tana azumi fa. Kwanakin nan addu'a take ba ji ba gani."

"Ta yi. Allah zai nuna mata gaskiya, kamar yadda ya nuna miki."

Wannan labari ne da kowa a gidan ya haddace, don Azariya ba ya gajiya da ba da shi. Lokacin da Yemima take budurwa, maza biyu suna nemanta, sai ta roƙi Allah alama, kamar yadda matan zumuntar coci suke yi in abu ya shige musu duhu. Ta ce wanda ya fara tambayar jikin mahaifiyarta kafin ya zauna, shi ne mijinta. Azariya ne ya tambaya. Duk Kirsimeti sai ya ba da labarin, ya rufe da cewa, "In Allah ya ba da alama, ba a gardama."

"Na yi tunani," ya ce wa matarsa. "Jita ce ta kai ta wurin yaron nan. Zan sayo mata tata. Ta zauna a ɗakinta ta kaɗa har ta gaji. Za ta ga ba ƙin ta nake yi ba."

Yemima ta dube shi.

"Kana tsammani jitar take so?"

Azariya ya tashi. Ya shiga ɗaki ya ɗauko kuɗin ragowar busasshiyar cittar da ya sayar, ya tura a aljihun ciki, ya fita.

Shagon Martins yana bayan babbar kasuwa, inda majami'u suke sayen ganguna da lasifika. Martins gajere ne mai tumbi, bakinsa ba ya hutawa.

"Kai! Baba Dattijo da kansa! Yau kuma za a shiga ƙungiyar matasa ne?"

"Bar wasa. Jita nake so, irin ta katako wadda ba ta buƙatar wuta. Mai araha, amma mai murya."

"Mai araha mai murya. Baba, haka kowa yake cewa in yana neman mata ma."

Ya sauko da guda biyu daga bango. Ɗaya baƙa ce wuluk, tana ƙyalli kamar sabuwar mota, da farin zane a gefenta. Ɗayar ƙarama ce, shuɗiya.

"Baƙar dubu saba'in, shuɗiyar arba'in da biyar. Sababbi ne, ko ƙura ba su sani ba."

Azariya ya ja tsirkiya ɗaya da babban yatsa, ya ji ƙara, amma bai san ko mai kyau ba ce ko marar kyau. Idonsa ya kai lungu, ya hango wata jingine bayan ganga, kalar zuma, gefenta ya koɗe.

"Waccan fa?"

"Ta hannu ce. Ta kwana biyu a nan, kowa sabuwa yake so. Bari ma, ga wanda zai gwada maka su. Yafet! Shigo, ka zo a daidai."

Azariya ya juya. Yaron ne tsaye a bakin shago, dogo, siriri, ruwan sama ya ɗan jiƙa masa kafaɗa. Babu jaka a bayansa. Yana ganin Azariya ya rusuna har ƙasa.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya." Azariya ya ji kamar ya fita, amma ya tuna bai san wani makaɗi ba, kuma kuɗin cittarsa ne zai tafi. "Tunda ka zo, kaɗa mini su in ji. Ka faɗa mini gaskiya, in kana da ita."

"Wa za a saya wa, Baba?"

"Ba ruwanka."

Yafet ya sunkuyar da kai. Ya gane.

Ya ɗauki baƙar, ya murɗa kunnuwanta har muryoyin suka daidaita, ya kaɗa wata waƙar sujada. Ƙararta ta cika shagon. Azariya ya fara gyaɗa kai. Sai Yafet ya gangaro da yatsunsa ƙasan wuyan, nan take wani zuuu ya biyo sautin, kamar ƙuda ya shiga kwalba.

"Ka ji, Baba? Wuyanta ya riga ya fara lanƙwasa. Katakon bai bushe ba aka yi mata fenti. Damina ɗaya a ɗaki mai laima, sai ta zama abin ado. Rabin kuɗinta na ƙyallin ne."

"Yafet, kai abokina ne ko maƙiyina?" in ji Martins. "Baba, kar ka ji shi, ƙudan a kunnensa yake."

Yafet ya ɗauki shuɗiyar. Muryarta siririya, tana fita tana mutuwa nan da nan, kamar ana buga gwangwanin madara.

"Wannan ba ta zuuu, kuma za ta daɗe. Sai dai cikinta ƙarami ne, ba ta da zurfi. Tsirkiyarta ta yi nisa da wuya, mai koyo zai sha ciwon yatsa, amma zan iya rage mata tsayi kyauta. A kuɗinta ba ta da laifi. Ita nake ba ka shawara, Baba. Ka ɗauki shuɗiyar."

"Saura ɗaya."

"Baba, waccan tsohuwa ce."

"Ni ma tsoho ne. Kaɗa."

Martins ya miƙo ta yana dariya. "Ai wannan ba sai an gaya masa yadda take ba, don ita..."

"Ta wani ce," Yafet ya katse shi da sauri. "Mai ita ne ya kawo a sayar masa."

Ya karɓe ta a hankali. Bai ko taɓa kunnuwanta ba. Ya ɗora ta a cinya, ya sauke yatsunsa sau ɗaya, sai shagon ya yi tsit. Muryar ta fito da kauri da taushi, ta daɗe tana yawo kafin ta kwanta. Wata mai sayar da gyaɗa da take wucewa ta tsaya a bakin ƙofa. Azariya ya yi shekaru a ƙungiyar mawaƙa yana saurayi, kunnensa bai mutu ba. Ya ji sautin har cikin haƙarƙarinsa, ya tuna yadda Silvanus yake rera wannan waƙar in yana wanke babur.

Ya yi gyaran murya.

"Nawa?"

"Hamsin," in ji Martins. "Da sabuwa ce, uku irin wannan kuɗin ba za su saye ta ba."

"Baba, kada ka sayi wannan," in ji Yafet.

"Me ya same ta? Ta tsage?"

"Ba ta tsage ba."

"Wuyanta ya lanƙwasa?"

"A'a."

"Ta sata ce?"

"Allah ya kiyaye, Baba."

"To a cikin ukun nan wacce ta fi murya?"

Yafet ya dubi jitar da ke cinyarsa. "Ita ce."

"Wacce ta fi dacewa da kuɗinta?"

"Ita ce."

"Amma ka ce in ɗauki gwangwani." Azariya ya ji ransa ya ɓaci. Ya ga kamar ya kama yaron dumu-dumu. So yake a kai wa Milka marar daɗi, don ta ci gaba da zuwa wurinsa jin mai daɗi. "Na gane ka. Kana tsammani don ban yi boko mai zurfi ba, ba ni da kunne?"

"Ba haka ba ne. Baba, ina roƙonka. Kowa a garin nan ya saye ta, ban da kai."

"To ni zan saya. Martins, karɓi."

Ya zaro kuɗin ya ajiye a kan tebur. Martins ya kwashe yana cewa Allah ya sa albarka, ya nemo tsohon kwali ya naɗe ta saboda ruwa. Yafet yana tsaye kamar an dasa shi, idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Da Azariya ya zo wucewa, sai yaron ya durƙusa a kan simintin da ya jiƙe.

"Baba, ka yafe mini."

"Me ka yi mini?"

"Na dai gaya maka kada ka saya. Oga Martins shaida ne."

Azariya ya wuce. Amma tun kafin ya tari ɗan acaɓa, nauyin nan na safe ya dawo masa ƙirji, har ya fi na safe. Me zai sa namiji ya yi kuka don an sayi tsohuwar jita?

Milka ta riga shi dawowa gida, don an tashi yara da wuri saboda hadari. Tana zaune a baranda tana duba littattafan yara. Ya ajiye kwalin a gabanta, ya ƙaƙaro murmushi.

"Buɗe. Na san na yi miki zafi da safe."

Ta yage kwalin. Tana ganin kalar katakon, jan biron da ke hannunta ya faɗi. Ta juya jitar, ta shafa wani ɗan tabon ƙuna a bayanta.

"Baba, a ina ka samo wannan?"

"Wurin Martins. Ita ta fi duka murya, na ji da kunnena."

"Aro ya ba ka? Ko ka ce za ka duba tukuna?"

"Wane irin aro? Na biya."

"Ka biya duka?"

"Duka. Milka, mene ne?"

Ta saki wani irin kuka da ya fito da Yemima daga kicin a guje.

"Mama, an saya! An saya, kuma Baba ne ya saya!"

Yemima ta dafe bango. Azariya ya dubi wannan, ya dubi waccan.

"Wani ya yi mini magana a gidan nan!"

Milka ta zame ƙasa ta riƙe ƙafarsa.

"Jitar Yafet ce, Baba. Ba ka taɓa ganinta a waje ba, kullum a jaka take. Wannan tabon, ni na yi shi da kyandir ranar da aka ɗauke wuta muna koyo."

"Tasa? To don me zai sayar da abin da yake ci da shi?"

"Ni na sa shi." Ta ja numfashi da ƙyar. "Na rasa yadda zan yi. Ba na so in saɓa maka, ba na so in yi wa Bartholomew alkawarin ƙarya a gaban bagaden coci. Yafet ya ce mu tafi Jos wurin kawunsa a ɗaura mana aure, na ce ba zan iya ba. Ya ce to ya haƙura, na ce wannan ma ba zan iya ba. Sai na roƙi Allah alama."

Azariya ya dafe kai.

"Na ce ya kai jitar shago. Ba za mu tallata ba, ba za mu gaya wa kowa ba. In Asabar ta zo ba a saya ba, zan zauna in karɓi mutanen Bartholomew da hannu biyu, ba za ka ƙara jin sunan Yafet a bakina ba. In kuwa an saya, kuɗin shi ne na motarmu zuwa Jos." Ta ɗago jajayen idanu. "Baba, saura kwana biyu. Na riga na fara haƙura. Jiya har na goge zanen da zan ɗaura musu. Kullum roƙona shi ne, ya Uba, in ba nufinka ba ne, kada ka bar kowa ya taɓa ta. Sai ga ta a hannunka."

"Wannan ba alama ba ce! Kuskure ne! Ni ban sani ba!"

"Kai ma ba ka sani ba ranar da ka tambayi jikin Kaka."

Ya juya wurin matarsa.

"Kin san da wannan?"

"Na san tana neman alama," in ji Yemima tana hawaye. "Ban tambaye ta wace iri ba. Ba a tambaya, kai ma ka sani."

"Ya hana ni," Azariya ya faɗa a hankali, kamar da kansa yake magana. "Yaron ya roƙe ni kada in saya."

Milka ta rufe fuska da tafin hannu. "Ya hana ka? Ko wannan bai kamata ya yi ba. Ya hana ka, ka kuma saya?"

Nan tsoron ya kama shi sosai. Ya ga hanyar Jos a idonsa, hawan dutsen nan mai lanƙwasa, manyan motoci, daji hagu da dama. Ya fizgi jitar.

"Ciniki bai ƙare ba. Zan mayar. In na mayar, ba a saya ba ke nan. Yemima, kada ta fita ko bakin ƙofa. Milka, ki jira ni. Kin ji? Ki jira ni!"

Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba.

Ruwa ya tsuge yana kan acaɓa. Ya tura jitar cikin babbar rigarsa, ya rungume ta kamar jariri, yana ce wa mai babur ya ƙara wuta, shi da kullum yake faɗa a rage gudu. Ya faɗa shagon yana ɗiga.

"Martins, ga kayanka. Ba ni kuɗina."

"Haba Baba, wane kuɗi? Mai ita ya karɓi abinsa tun kafin ka kai bakin titi. Ɗan ladana kawai na cire."

"Ina ya yi?"

"Ban sani ba. Ya daɗe zaune a kan gangar can kamar wanda aka yi wa rasuwa, sai wayarsa ta yi ƙara, ya tashi ya fita cikin ruwan."

"Wa ya kira shi?"

"Baba, ni mai shago ne, ba ɗan sanda ba. Lafiya dai?"

Azariya ya fita da gudu ya tari acaɓa.

Da ya iso gida ƙofar a buɗe take. Littattafan yara suna nan a baranda, iska ta watsa su. Yemima tana zaune a kan turmi, hannuwanta a cinya.

"Ina take?"

"Ta fita."

"Na ce kada ki bar ta!"

"In ɗaure ta da igiya? Mace ce, Baban Milka, ba akuya ba. Ta durƙusa ta ce in yi mata addu'a, na yi. Ta ce kanta ya ɗaure, tana so ta ga Maman Fasto."

Numfashinsa ya ɗan dawo. "To gidan Fasto ta tafi."

"Haka ta ce." Yemima ta share ido. "Amma ta ɗauki ƙaramar jakarta. Da takalmanta na Lahadi."

Ya shiga ɗakin Milka da gudu. Zanen da ta goge don baƙin Asabar yana nan a ninke a kan gado. Hoton Silvanus da yake jingine a kan tebur ba ya nan. Ya kira wayarta, a kashe. Ya sake kira, a kashe.

Ya fito bakin ƙofar gida, jitar tana rataye a hannunsa, ya manta ma yana riƙe da ita. Hanyar hagu ita ce mai zuwa gidan Fasto. Ta dama ita ce mai fita babban titi, inda motocin Jos suke lodin ƙarshe kafin yamma. Ya sunkuya yana neman sawun takalminta a cikin laka, ruwa ya riga ya wanke komai. In ya bi hagu alhali dama ta yi, kafin ya juyo mota ta tashi.

Gwiwarsa ta bugi jitar, ta saki wannan murya mai zurfi, ita kaɗai a cikin ruwan sama.

Azariya bai san hanyar da 'yarsa ta bi ba. Bai san ko ita ce ta kira Yafet ba, ko abin da ta ce masa. Bai kuma san ko hannunsa ne ya yi kuskure a shagon Martins, ko Allah ne ya amsa wa Milka ta hannun mahaifinta ba.